Ruwan Buta Ya Isa: Kira ga Mutanen Ƙonni, Malbaza da Illela

Jama'ar Ƙonni, jama'ar Malbaza, jama'ar Illela! Ƙara na kawo, ku nake ƙara, kuma a gabanku na kawo ta. Ni ma ina cikin waɗanda ake tuhuma.

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Birnin Ƙonni ya yi gabas a lokacin cirar albasa, ya ratsa Tsarnawa da Malbaza ya isa Galmi, ya ga abin da hannunmu ya iya. Buhuna jibge a bakin titi, manyan motoci suna lodi za su Gana da Kwaddibuwa da Binin. Sunan Galmi ya je inda yawancin 'yan Galmi ba su taɓa sa ƙafa ba, har irin albasar da sunan garin ake sayar da shi a ƙasashen waje. Ga kuma filin noman rani na Ƙonni, fiye da hekta 2,400 da ke shan ruwan madatsun Muzage da Zango. Ba wanda zai koya mana yadda ake sa ƙasa ta yi kore.

To, sauko daga motar, ka yi sallama a gidan manomin da ya yi wannan aiki. Wuce zaure. Tsakar gida fayau, ko ganye ɗaya babu. Bango huɗu, rufin kwano, daɓen siminti daga ƙofa har makewayi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, daɓen nan ba ya takuwa da rana, da dare kuma ya dinga amayar da zafin da ya sha. Yara sun lafe a gindin bango suna bin 'yar siririyar inuwa kamar 'yan tsaki. Uwargida tana tuƙa tuwo, rana a kanta, wuta a gabanta. Maigida kuwa ya ɗauki tabarmarsa ya tafi gindin bedin ƙofar gidan wani, wanda wani bawan Allah ya dasa shekara talatin da suka wuce.

Siminti namu ne, tun shekarun 1960 ake yin sa a Malbaza, kuma ba shi da laifi. Laifinmu ne da muke malale gida duka da shi, ba mu bar ko taku biyu na ƙasa ba.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna su wane ne mu a wannan fage. Tun 1975 aka fara jera layukan bedi a kwarin Majiya, wajen Buza, don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona, kuma wannan Majiyar ce ruwanta ke gangarowa ya cika madatsunmu. A 1983, a jahar Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai, gyara kawai suke so. Manoma suka karɓi wannan dabara ta sassabin zamani, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, har masana suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a gonakin kudancin Nijar. Duniya tana zuwa kallon gawon da muka raya a gona. Da za ta leƙo tsakar gidajenmu, da mun ji kunya.

Tun 1975 kuma, kowace ranar 3 ga Agusta muna fita dashen itace. Ana dasawa, ana tafi, ana ɗaukar hoto, kowa ya watse. Bayan mako biyu akuya ta zo ta yi nata bikin. Iccen bakin titi na kowa ne, shi ya sa ba wanda ke tunawa da shi idan damina ta ɗauke. Na cikin gida kuwa yana da uwa da uba, yana da katanga, kuma ana ganinsa sau ashirin a yini.

Na san abin da za ku ce, domin ni ma na faɗa: ina ruwan? Ruwan da ake saye jarka-jarka a hannun 'yan ga-ruwa, shi za a zuba wa ganye?

Wata gwaggona ce ta rufe mini baki, a wani ƙauye kusa da Tsarnawa. Na je gaishe ta da bazara, na tarar da kusurwa guda ta gidanta kore shar, sauran gari kuwa ja wur. Wani tulu ne da ya tsage a gindi, maimakon ta jefar sai ta fasa wuyansa ta cika shi da ƙasa, na'ana'a ta cika shi har tana zubowa. Kusa da shi zogale biyu, an datse kansu daidai kafaɗa, sun yi rassa kamar laima. Ga lalle a jikin bango, ga wani ƙaramin lemun tsami an kewaye shi da ƙaya. A tsakiyarsu dutse ne fale-fale, ya yi sulɓi saboda zama. Na ce, "Gwaggo, wa ke ɗebo miki ruwan wannan lambu?" Ta yi dariya ta nuna dutsen da baki. "Ɗan nan, nan nake alwala. Duk wanda zai yi salla a gidan nan, nan zai tsuguna. Ni ban taɓa sayen ko moɗa ɗaya don su ba." Kafin in tashi ta miƙa hannu daga inda take zaune ta tsinko na'ana'a ta jefa a shayina.

Ku lissafa da kanku. Gida mai mutum goma masu salla, alwala hamsin ke nan a yini. Ko da rabin lita kowa ya zubar, an sami lita 25, wajen jarka guda. Ina wannan ruwa yake zuwa yau? Wuriya yake bi ya fita titi, ya kwanta ya yi baƙi, sauro ya haihu a ciki, maƙwabta su yi ta faɗa a kansa. Ƙara da ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya. Na wanki mai Omo kaɗai za a kiyaye, domin gishirinsa yana taruwa a tukunya ya ƙone saiwa.

Akwai masu cewa shuka a tukunya al'adar Nasara ce, ko ta masu kuɗin Yamai. Su je su tambayi daga ina Nasaran suka samo. Tsiron nan mai dogayen ganye a tsaye kamar takubba, wanda ya cika ofisoshi da falo a Turai da Amurka, asalinsa Afirka ta Yamma ne, dangin moɗa ne, wadda kakanninmu ke fitar da zarenta su tufka igiya da tsarkiyar baka. Ƙariya kuma, mai kumburarren gindi da jan fure, wadda ke fure tsakiyar rani ba ko ganye a jikinta, tsiron Sahel ce. A Tailan da Taiwan gonaki guda ake yi nata, ana aure launi da launi, ana sayar wa duniya a tukwane masu ƙyalli. Kabar giwa ma, wadda 'yar'uwarta ke cikin man shafawar da muke saye da tsada, a ƙasashenmu take fitowa. Kayanmu ne aka ɗauka aka yi musu kwalliya, mu kuma muna wuce su a daji ba ko waiwaye. Ga shi su ne suka fi dacewa da ɗakunanmu: suna jure ƙishi, suna jure zafi, moɗa har duhu-duhun ɗaki tana haƙuri da shi.

Sai dai a yi da sani, kada a yi irin tawa. Farkon tsiron da na saya a wurin masu renon dashe, na kawo shi gida da murna na dasa a bokitin fenti. Ban huda gindin bokitin ba. Na cika shi da laka da ɗanyen kashin awaki, na kai shi ƙuryar ɗaki inda ko taga babu, don kada rana ta taɓa shi. Safe ruwa, yamma ruwa. Da ganye ya fara rawaya sai na ce ƙishi ne, na ƙara. Ranar da na tuge shi, saiwar ta yi baƙi ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya, wari kuwa sai da na fita da bokitin waje. Ƙauna ce ta kashe shi.

Abin da na koya daga baya bai fi a faɗa a zama ɗaya ba. Kowane mazubi ya yi, tsohon tulu, fasasshen baho, rabin jarka, gwangwanin madara, muddin an huda gindinsa da ƙusa mai zafi don ruwa ya wuce. Saiwa tana numfashi, idan ta kwana cikin ruwa shaƙewa take yi. A haɗa yashi da ƙasar gona da takin da ya riga ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, domin ɗanye yana ƙona tsiro. Kafin a ba da ruwa a tura yatsa cikin ƙasar: idan da danshi a bari sai gobe. Tsiron ɗaki a bakin taga yake zama ko a baranda, inda zai ga haske ba tare da ranar azahar ta gasa shi ba, a riƙa juya tukunyar don kada ya karkace. Idan hunturu ya lulluɓe ganye da ƙura, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Idan ƙwari suka sauka, a daka ganyen bedi ko 'ya'yansa, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma. Zogale kuwa ko reshe ka soka a ƙasa zai kama, kuma kada a ji tausayinsa: a datse kansa tun bai wuce tsayin mutum ba, in ba haka ba ya miƙe sama ya bar ku da kallo.

Masu tsoron sauro suna da gaskiya rabi. Ruwan da ya kwanta ne ke haifar da sauro, don haka kada a bar ruwa a faranti ƙarƙashin tukunya. Masu tsoron maciji su share gindin shuka, kada su tara tarkace a wurin. Masu cewa tsiro yana shanye iskar ɗaki da dare su kwantar da hankali, abin da yake shaƙa bai kai na kyanwar da ke kwana a ƙarƙashin gado ba. Ni ma ba zan yi muku ƙarya in ce tukunya biyu za su tace muku iskar ɗaki ba. Binciken da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 1989, wanda 'yan talla ke yawan kafa hujja da shi, a cikin rufaffun akwatuna aka yi shi, ɗakin da ake buɗe ƙofa kuwa wani abu ne daban. Inda haɗari na gaske yake shi ne ruwan jikin ƙariya, dafi ne, haka 'ya'yan bini-da-zugu. Gidan da ke da masu rarrafe ya ɗaga su sama ko ya haƙura da su. Babban icce irin bedi kuma a ja shi nesa da bango da ramin masai.

Ribar da nake yi muku alkawari ita ce wadda ido ke gani, baki ke ci. Inuwa a kan madafa. Zogalen kwaɗo da azumi, lokacin da kuɗinsa ke tashi a kasuwa, ga shi ganye ne mai gina jiki da ƙara jini ga yara da masu jego. Lallen salla daga bangon ɗaki. Lemun tsami, gwanda, yakuwa, barkono a baho. Da kuma abin da ba a auna shi da tiya: mutum ya dawo daga ƙurar kasuwa, idonsa ya faɗa kan kore.

Iyayenmu mata, wannan yaƙi a hannunku yake, domin ku rana ta fi duka. Ku da kuka iya adashi, ku yi adashin dashe: mai lalle ta ba mai na'ana'a, mai kabar giwa ta ɓallo 'ya'yanta ta raba a gidan suna. A sa tukunya ɗaya mai tsiro cikin kayan ɗakin amarya, mu ga ko wata za ta yarda a ce nata ya mutu.

Magidanta, idan magini ya zo zuba daɓe, ku tsaya a kansa ku ce ya bar muku ƙasa a kusurwa biyu. Wanda ya riga ya malale, guduma tana nan. Ɗan haya ba shi da uzuri, tukunya tana shiga amalanke tare da katifa ranar tashi. Ku kuma samarin fada, da ke zubar da ruwan wankin kofin shayi sau goma a dare, gwangwani ɗaya a gefen benci ya fi ƙarfinku?

Malamanmu da limamai, babu inda ruwan alwala ke zuba kamar masallaci. Ranar Juma'a kaɗai a Ƙonni ko Badagishiri, ruwan da ke malala a banza ya isa rayar da layin itatuwa. Kun fi ni sanin hadisin da ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen Musulmi sadaka ne gare shi. Ku faɗa a mumbari, sa'an nan ku sa almajirai su gyara magudanar ta bi gindin dashe. Ko akuyar maƙwabci ta yi ɓarna, an dai sami lada, amma a sa ƙaya. Magadan gari da ma'aikatan gandun daji, daga Dogarawa har Tajaye, a cikin dashen da kuke tanada don 3 ga Agusta ku ware kaso ku miƙa wa mata da 'yan makaranta su kai gida, kuma ku sa zogale da lemu a ciki, kada ya zama bedi zalla.

Kada kowa ya jira damina, kada ya jira wata ƙungiya ta zo da mota da takarda. Yau, kafin magariba, ka zagaya bayan ɗaki ka ɗauko tulun nan da ya tsage. Ki aiki yaro gidan maƙwabciya ya roƙo reshe ɗaya. A ajiye shi inda ake tsugunawa da buta, alwalar isha'i ta zama ruwansa na farko.