Waiwaye: Ranar da Rimi da Kuka Suka Koya Mana Turanci

Mu ne 'yan UPE, waɗanda aka ɗiba zuwa makarantar boko a 1976. Ƙauyenmu yana arewa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, babu saura ko ta taku goma, kuma kowace bishiya da mai ita.

Muna aji shida malaminmu ya rubuta a allo: "the tallest old tree", a ƙasa kuma "the oldest tall tree". Ya nemi bambancinsu. Muka ce ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Bai ɗauki bulala ba, abin da har yau nake mamaki. Waje ya kora mu, cikin hunturu, ƙafafu duk kaushi.

An gama girbi, an kwashe kara, ana hango har ƙauyen gaba. Ya ce, "Yara, a cikin tsofaffin bishiyoyin nan, wacce ta fi tsawo?" Muka ce rimin bakin kasuwa. "To, a cikin dogayen, wacce ta fi tsufa?" Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce kukar gonar mai gari, wadda kakanninmu ma haka suka tarar da ita. Wasu suka ce kuka ai ƙiba gare ta, ba tsawo ba, don haka ba ta cikin takarar. Ya ƙyale mu sai da muka gaji.

Sannan ya nuna mana cewa Bahaushe yakan fara zana da'ira da "a cikin", kafin ya faɗi wanda ya fi. Bature kuwa a jerin kalmomi yake ɓoye da'irar: kalma mai wutsiyar "est" ita ke gaba, duk abin da ya biyo ta shi ne 'yan takara. Ka sauya musu wuri, ka sauya gwani.

Tun daga ranar, in na ji an ce wani abu ya fi kowa, sai in nemi su waye kowan. Kowane ƙarin kalma rage abokan karawa yake yi, har gurgu ma ya zo na ɗaya. Ana kiran Dawanau, a Dawakin Tofa, kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma ban musa ba. Amma ka cire "hatsi" ka je ka faɗa a Kantin Kwari. In kuwa tsufa ake nufi, 'yan Kurmi za su tuna maka cewa tun zamanin Muhammadu Rumfa kasuwarsu take ci.