Kafin Ranar Haihuwa, a Duba Kafaɗar Kaka

A yawancin gidajenmu, idan ciki ya tsufa akan tanadi kayan jariri, itace da kuɗin asibiti, amma ba a cika tambayar lafiyar wadda za ta kula da maijego ba. Galibi uwa ce ko uwar miji, mai shekara 50 ko 60. Ita za ta sauke tukunyar ruwan zafi safe da yamma har kwana 40, ta yi wanki, ta yi wa jinjiri wanka. Da yawa daga cikin iyayen nan suna fama da ciwon kafaɗa, ana cewa sanyi ne ko tsufa. A ganina, duk kafaɗar da ta kasa ɗaga hannu ya kamata a kai ta asibiti da wuri. In kuma likita ya ce sai an yi tiyata, kada iyali su ce a bari sai an gama jego.

Ga dalili. Akwai tsokoki 4 da suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin damtse. Su ke riƙe gaɓar, su ke taimakawa wajen ɗaga hannu da juya shi. Jijiyoyin nan sukan yage saboda shekaru da yawan aiki, ko faɗuwa, ko gocewar kafaɗa, musamman ga wanda ya haura shekara 40. Alamominsa su ne ciwo da dare in an kwanta ta gefen, rashin ƙarfi, da kasa kai hannu ka don ɗaura ɗankwali. Likitoci suna kiran yagewar mai tsanani idan ta wuce santimita 5, ko jijiyoyi 2 ko fiye suka tsinke.

Jijiyar da ta rabu da ƙashi gaba ɗaya ba ta komawa da kanta. In aka daɗe, sai ta ja baya, tsokar ta motse, kitse ya ratsa ta, kuma wannan lalacewa ba ta cika gyaruwa ba. Abin da za a iya ɗinkewa bana, baɗi yana iya gagara. Mai ɗori ba zai magance shi ba, domin ba karaya ba ce. Hoton ƙashi ma yana iya nuna komai lafiya. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, ko hoton MRI, su ke nuna yagewar.

Wani zai ce ai ba kowa ke bukatar aiki ba. Gaskiya ne. Tsofaffi da dama sukan samu sauƙi da gashin ƙashi da maganin ciwo kawai. Amma likitan ƙashi ne zai tantance bayan ya duba, ba a zaman tsakar gida za a yanke ba.

In an zo da wuri, akan ɗinke jijiyar a maƙala ta a ƙashi, ko dai ta hanyar yanka, ko ta ƙananan huji da 'yar kyamara. In ta wuce ɗinki, akan karkato jijiyar wata tsoka daga baya ta karɓi aikin, ko a sa gaɓar ƙarfe da roba, irin wadda likita Paul Grammont ya ƙirƙiro a Faransa a 1985. Waɗannan sun fi tsada, kuma ba kowane asibiti ke yin su ba. A sani kuma, babbar yagewa tana iya sake buɗewa bayan ɗinki, musamman ga mai ciwon suga ko mai shan taba.

Jinyar tana da tsawo. Hannu zai zauna a rataye mako 4 zuwa 6, sannan a shiga gashin ƙashi na watanni. Cikakken ƙarfi yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara. Ke nan kaka ba za ta ɗauki tukunya a wannan jegon ba, kuma saboda haka ne da yawa suke ɓoye ciwon, don kada a ce sun kasa riƙe 'yarsu. Maigida da 'yan'uwa, nauyin yana kanku. Ku nemi gwaggo, inna ko ƙanwa da za ta yi aikin ƙarfi tun kafin watan haihuwa ya kama. Kaka ta zauna ta ba da umarni, wannan ma babban aiki ne.

Ke kuma mai juna biyu, in ke ce kafaɗa ke damu, ki faɗa a wurin awo. Tiyatar da ba ta gaggawa ba akan jinkirta ta sai bayan haihuwa. Kada ki sayi ibuprofen ko diclofenac da kanki, musamman daga mako na 20, domin suna iya cutar da ƙodar ɗan da ke ciki.

Ranar awo mai zuwa, in Mama na kukan kafaɗa, ku taho tare, a nuna mata sashen ƙashi.