Kiɗa Nawa, Suna Na Wani

Shekara tara ke nan ina zaune a Agege, da fiyano nake cin abinci. Duk mawaƙin da ya kira ni situdiyo, ko Ikeja ko Surulere, in je in haɗa masa kiɗa, ya sallame ni.

Bara na yi kwana uku ina yi wa wani aiki. Ya biya ni, muka rabu lafiya. Bayan wata biyu sai ga waƙar tana tashi a teburin mai shayin unguwarmu. Na duba YouTube, babu sunana ko ɗaya. Wallahi abin ya ci mini rai.

Da can masu kwafar faifai na kasuwar Alaba muke zagi. Yau kam laifinmu nake gani. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta san da zaman makaɗi, amma kunya ta hana mu cewa "a rubuta". Kuɗin sallama kwana biyu ne ya ƙare, suna kuwa shi ke kawo aikin gobe.

Don haka ƙannena makaɗa, kafin ku taɓa fiyano a sa sunanku da kasonku a takarda. Allah Ya sa mu dace.