Ziyarar Rijiyar Zamzam

Ko wace shekara in lokacin aikin Hajji ya matso, tambayar da ta fi yawa a bakin masu niyya, tun ba dattawa ba, ita ce: in an isa Makka, ta wace ƙofa a ke bi a je a leƙa rijiyar Zamzam? Na ga ya kamata in ba da filin wannan mako ga amsarta, gama wanda ya tafi da zaton zai tsaya a bakin rijiya ya zura guga, kamar yadda kakanninmu suka ba da labari, zai sha wahalar nema a banza cikin cunkoso.

Asalin rijiyar sananne ne. Annabi Ibrahim ya ajiye Nana Hajara da jaririnta Annabi Isma'ila a wani kwari da babu shuka, babu ruwa. Da guzuri ya ƙare, ta yi ta kai da kawowa tsakanin Safa da Marwa har sau 7, sa'an nan Allah ya aiko Mala'ika Jibrilu, ruwa ya ɓuɓɓugo. Saboda ruwan nan ƙabilar Jurhum ta sauka a wurin, har Makka ta zama gari. Daga baya aka binne rijiyar, wurinta ya ɓace wa mutane, sai da Abdulmuɗɗalabi, kakan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wurin a mafarki, ya haƙa shi da ɗansa Harisu.

Rijiyar tana gabas da Ka'aba da misalin mita 20. Zurfinta wajen mita 30 ne, watau ƙafa 100, ko kuwa gaba 16 zuwa 17 a lissafin masu haƙar rijiya na ƙasarmu. Kusan rabinta na sama cikin rairayin kwarin Wadi Ibrahim ya ke, sauran kuwa cikin dutse aka sassaƙa shi. Masana ƙasa sun bayyana cewa ruwan saman da ke sauka a kwarin nan da duwatsun da ke kewaye da shi, shi ke tsatsowa ta cikin rairayi da tsagar dutse har ya taru a rijiyar. Don haka ne Hukumar Sa'udiyya ta sa ma'aikata musamman suna auna hawan ruwan da saukarsa, kada a zuƙe fiye da abin da ke shigowa. Ku duba ikon Allah, ga ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, ga miliyoyin baƙi ko wace shekara, amma kowa yana samun abin sha.

To, ga abin da ya sake. A dā akwai gini a kan bakin rijiyar, ana jan ruwa da guga. Da alhazai suka yi yawa, ginin nan ya tsare wa masu ɗawafi hanya, sai aka rushe shi wajen shekara ta 1964, aka mai da bakin rijiyar ƙarƙashin ƙasa, ana sauka ta matakala. A 2003 aka rufe matakalar ita ma, don filin ɗawafi ya ƙara faɗi. Yanzu inji ke jawo ruwan. Tun 2010 akwai babbar ma'aikata a unguwar Kudai inda a ke tace shi, a kashe ƙwayoyin cuta da wani irin haske, a ɗura a jarka. Har Masallacin Annabi a Madina motoci ke kai shi. Wanda ya ke sha'awar ganin tsohon shingen bakin rijiyar da abin jan gugarta, an ajiye su a gidan nuna kayan tarihin Masallatai Biyu a Makka.

Ke nan, ya ɗan'uwa, sa'ad da ka ke kewaya Ɗakin Allah, rijiyar tana ƙarƙashin ƙafarka. Kada ka ture raunana, kada ka tsaya tsakiyar masu ɗawafi kana tambayar 'yan doka ina ƙofa ta ke. In ka gama ɗawafi, ka yi raka'a biyu bayan Maƙama Ibrahim, ko inda ka sami wuri, sa'an nan ka nufi ruwan. Za ka tarar da shi ko'ina cikin masallaci, a famfo da tulunan roba da aka jera, waɗansu masu sanyi, waɗansu an rubuta musu cewa ba sanyi. Mai tari ko mura ya nemi marar sanyin. Malamai sun koyar da cewa a fuskanci alƙibla, a yi bisimilla, a sha cikin numfashi uku, a ƙoshi, a roƙi Allah abin da a ke bukata na duniya da lahira. Abin da ba shi da kyau shi ne ɓarna. Wani ya kan kwarara ruwan a kansa da tufafinsa har daɓe ya jiƙe, ga shi kuwa da santsi, tsoho ya zo ya zame ya karye. Wani kuma ya tsare famfo yana cika goruna goma, mutane na tsaye da ƙishirwa a bayansa.

Saura maganar tsaraba, wadda ita ta fi damuna. Mutanen dā da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, su kan shekara da yawa a hanya, su komo da ɗan ruwan da bai fi cikin gwangwani ba, a ɗiga wa jariri da majinyaci, ya wadatar. Yau an yarda wa ko wane alhaji ya fito da lita 5, watau galan ɗaya da 'yar ɗoriya, a cikin jarka mai hatimi. Hukumar Sa'udiyya kuwa ta hana fitar da Zamzam don ciniki. Tun da haka ne, in ka ga jarkoki tuli a rumfar kasuwa an ce Zamzam ce, sai ka tambayi kanka ta ina suka fito. Ko a Ingila, a 2005, hukumar da ke duba lafiyar abinci ta gargaɗi jama'a a kan ruwan jabu da a ke sayarwa da wannan suna, don an sami guba a cikinsa fiye da ƙima. Wa ke shan irin wannan ruwa a wurinmu? Mace mai naƙuda, da jariri sabon haihuwa, da tsoho a kan gadon ciwo, watau waɗanda jikinsu ba ya iya jure ƙazamin ruwa. Mai sayarwa ya ci kuɗin haram, ya kuma yi wa Allah ƙarya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ba ka san hannun da ruwan ya fito ba, ka haƙura, ka nemi ko da cokali ɗaya wurin alhajin da ka amince da shi.

Ina roƙon limamai da malaman da ke yi wa masu niyya bita su bayyana musu waɗannan abubuwa tun a gida, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya kai alhazanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya kira waɗanda ba su je ba. Amin. Haza wasalam.