Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Likitocin Sa-kai



Ina yi muku godiya bisa aikin duba marasa lafiya kyauta da kuke kaiwa ƙauyuka da unguwannin talakawa, da ku na gida irin su IMAN da rassan NMA, da 'yan'uwanmu masu tasowa daga Amurka da Ingila da akwatunan magani. Allah ya saka da alheri. Shawarar da nake tafe da ita a kan bayanan mutanen da kuke dubawa ce, da inda bayanan suke kwana bayan motocinku sun tashi.

Ku dubi dattijon da aka gwada aka samu jininsa ya hau. An ba shi maganin wata guda, an rubuta a kati, katin ya shiga kwali, kwalin ya bi ku birni. Wata na cika magani ya ƙare. Ya je asibitin sha-ka-tafi na garinsu, jami'in lafiya ya tambaye shi me aka ba shi, ya ce wata 'yar farar ƙwaya ce. Haka mai ciwon suga, haka yaro mai sikila, haka tsohuwar da aka yi wa aikin yanar ido wadda take buƙatar a sake duba ta washegari da kuma bayan makonni. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce matar da kuka gano jikinta ba ya karɓar Septrin. Idan wannan bayani ya tafi da ku, gobe mai kemis zai sake miƙa mata shi, kuma yana iya zama ajalinta.

Saboda haka ina goyon bayan a koma ajiye bayanai a kwamfuta. Ba sai kun kashe kuɗin sadaka wajen ƙirƙiro sabuwar manhaja ba. Manhajar OpenMRS kyauta ce. Cibiyar Regenstrief ta jihar Indiana da ƙungiyar Partners In Health ne suka faro ta a 2004, aka soma aiki da ita a asibitocin masu cutar ƙanjamau na Eldoret a Kenya, wuraren da ke fama da irin matsalolinmu na wuta da ƙarancin ma'aikata. Akwai kuma Bahmni da aka gina a kanta saboda wani asibitin karkara a Indiya. Ana iya ɗora irin waɗannan a kwamfuta guda, sauran na'urori su haɗu da ita a cikin harabar ba tare da intanet ba. Sola da batir su zama cikin kayan tafiya, a kuma riƙe fam na takarda mai tambayoyi iri ɗaya, don ranar da na'ura ta ƙi.

Fam ɗin ya zama gajere. Likitan da layi ya kai masa bakin titi ba zai tsaya cike gurabe barkatai ba. Suna, unguwa, awon jini da na suga, cutar da aka gano, maganin da aka bayar, wanda jiki ba ya karɓa, sai ranar dawowa. A nan sai an yi hattara da sunayenmu. Unguwa ɗaya tana iya ƙunsar Musa Ibrahim da yawa, kuma dattawanmu da dama ba su riƙe ranar haihuwa ba. A ba kowa kati mai lamba, a haɗa da sunan mai unguwarsa da lambar wayar wani ɗan'uwa. Kada a ce sai mai lambar NIN za a duba, domin wanda ba shi da ita sau da yawa shi ne ya fi buƙatarku.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne a hannun wa bayanan za su zauna. Tun kafin ku sayi ko na'ura guda, ku zauna da shugaban asibitin garin da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Mai rajistarsu ya zauna tare da naku tun ranar farko, ya koya da hannunsa. Ranar tafiya ku bar musu cikakken kwafi, tare da jerin waɗanda ake son a bi sawunsu. Jimillar alƙaluman kuma ta shiga DHIS2, tsarin da Nijeriya ke tattara rahoton asibitoci da shi, don gwamnati ta san abin da kuka gani a wannan gari.

Sannan bayanin mara lafiya amana ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta shi, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, inda yara 11 suka rasu cikin kimanin 200, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu. Zargin da ya biyo baya yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Don haka a yi wa kowa bayani da harshensa kafin a shigar da sunansa. Kowane ma'aikaci ya sami tasa lambar sirri. A kuma daina ɗora hotunan marasa lafiya a Facebook don faranta wa masu ba da tallafi, wannan cin mutunci ne ko da niyyar mai kyau ce.

Ina roƙonku, a kasafin fitarku ta gaba ku ware kuɗin horar da ma'aikacin garin da zai riƙe bayanan. Su kuma kwamishinonin lafiya na jihohinmu, kada su ba kowace tawaga izinin aiki sai ta faɗi asibitin da za ta damƙa wa bayanan mutanen da ta duba.