Ƙugiyar Bayan Sienna Ba Ta Buhu Huɗu Ba Ce

Sanin kowa ne cewa motar Toyota Sienna ta zama dokin sufuri tsakanin Legas, Abuja da Onitsha. Abin damuwa shi ne yadda wasu masu motocin ke ɗaura mazaunin kaya na ƙarfe a kan ƙugiyar jan tirela da ke bayanta, su jibga buhuna a kai.

Matsalar tana wajen lissafi. Kamfanin Toyota ya ƙayyade cewa Sienna da aka shirya domin ja za ta iya jan fam 3,500, wato kimanin kilo 1,590. Amma ja daban, ɗauka daban. Nauyin da aka yarda ya danne ƙugiyar bai wuce fam 350 ba, kusan kilo 160, kuma har da nauyin mazaunin kansa a ciki. Ke nan buhun shinkafa uku masu kilo 50 sun riga sun cinye ƙa'idar. Da an zarce haka sai bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, birki ya rage ci, fitila ta koma haska idon direban da ke tahowa.

Ko ta fuskar riba cinikin ba ya fita. Kuɗin buhu na huɗu ba zai sayi taya da shokozoba ba, balle ya biya kayan ɗan kasuwa idan walda ta saki a tsakiyar hanya, ga shi galibin motocin nan na hannu ne.

A ganinmu, wajibi ne kamfanonin sufuri su ajiye sikeli a tashoshinsu. Ita kuwa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, ya kamata tuhumarta ta haɗa da mai mota da ɗan kamashon da ya yi lodin, domin direba sau da yawa umarni yake bi.