Yadi ne ke zaɓar aikin babbar riga, ba hoton waya ba

Duk lokacin da Sallah ko biki ya ƙarato, shagunan teloli a Wuse da Garki da Kubwa da Nyanya sukan cika da mutane riƙe da waya, kowa na nuna hoton wani babban mutum yana cewa, "Irin wannan aikin nake so." Ra'ayina shi ne wannan hanya ce ta ɓata yadi mai tsada. Kafin mutum ya duba hoto, ya fara duba yadin da ke hannunsa, domin shi ne zai faɗa masa aikin da zai karɓe shi.

Ba ina kushe inji ba ne. Aikin kwamfuta, wanda teloli ke kira monogiram, yakan gama cikin kwana ɗaya ko biyu abin da mai ɗinkin hannu a birnin Zariya zai kwashe watanni yana yi. Ya sauƙaƙa farashi, ya kuma samar wa matasa da yawa abin yi. Matsalar ita ce inji ba ya gardama. Duk zanen da aka zuba masa zai buga, ko ya dace ko bai dace ba. Mai aikin hannu kuwa yana taɓa yadin kullum, yana ganin inda zai ja zare da inda zai sassauta. Tunda inji ya ɗauke wannan idon, dole mai riga da telansa su maye gurbinsa.

Magabata sun bar mana ma'auni. Rigunan da, irin su saƙi da tsamiya da barage, ana haɗa su ne da siraran layukan saƙa da ake jerawa a ɗinke. Aikin da ake yi musu, kamar aska biyu ko aska takwas, yana taruwa ne a wuya da aljihun da ke ɓarin hagu, sai tambari a ƙirjin dama da kuma baya. Sauran rigar akan bar ta fili domin saƙar ta nuna kanta. Ba lalaci ne ya sa suka bar wannan filin ba. Sun san idan ado biyu suka yi kokawa a wuri ɗaya, duka biyun ne ke faɗuwa.

Ba mu kaɗai muka san haka ba. A Amurka akwai wani bargo da mata ke haɗawa da guntayen ƙyalle, wanda ya yi tashe a shekarun 1860. Ana jera siraran ƙyallaye kewaye da ɗan murabba'i a tsakiya, sau da yawa ja, gefe ɗaya masu haske, ɗaya gefen masu duhu, kamar yadda ake jera gungume a ginin bukkar katako. Yau da inji ake bin samansa da ɗinki, kuma tambayar da masu sana'ar ke yi ita ce irin tamu: wane zane ne zai riƙe bargon ba tare da ya binne tsarin haske da duhun ba?

To, mene ne abin dubawa? Na farko, zanen yadin. Shadda irin su Getzner da ake saƙawa a ƙasar Ostiriya tana zuwa da furenta da shekinta. Idan aka lulluɓe gabanta duka da zare, an sayi shadda an ɓoye ta ke nan. Irin wannan aiki matsakaici take so, da zaren da ya yi kusa da launinta. Yadi maras zane, musamman fari ko ruwan madara, shi ne ke iya ɗaukar cikakken aiki.

Na biyu, nauyi. Yadi mai laushi kamar boyal ba ya jure aiki mai cunkoso. Zare zai ja shi ya tattare, bayan wanki biyu gaban rigar ya zama kamar busasshiyar fata. Sannan aiki mai kauri yana buƙatar gam a bayansa, kuma wanda ya san zafin Abuja a watan Maris da Afrilu ya san abin da ake nufi da ɗaukar allo a ƙirji zuwa Masallacin Ƙasa ranar Juma'a.

Na uku, jikin mai riga. An zana aikin da ke hoton ne daidai da faɗin ƙirjin wani. Idan aka buga shi yadda yake a rigar siririn mutum ko gajere, sai aikin ya sauko har ciki, rigar ta sa mutumin maimakon ya sa ta. Kama da wane ba ta wane. Kwamfuta na iya rage zane ko ƙara shi, amma sai an nema.

Wani zai ce, "Kuɗina ne, kuma yayi ake yi." Gaskiya ne, babu mai hana mutum abin da ransa ke so. Sai dai yayi na shekara ɗaya ne, babbar riga kuwa ta shekaru ce, wani lokaci har ɗa ya gada. Aska takwas ta wuce shekara ɗari ana sa ta, har yau ba wanda ya kira ta tsohon yayi. Kuma allurar inji ba ta da gyara: in an warware aiki a kan shadda, ramukan na nan. Yadi goma ba abin gwaji ba ne a wannan tsadar.

Shawarata mai sauƙi ce. Ka nemi tela ya buga ɗan yankin zanen a kan ƙyallen yadinka, da zaren da za a yi amfani da shi, ka fita da shi rana ka gani, in da hali ka wanke shi. Ku ma teloli, ku riƙa faɗa wa mai kaya gaskiya ko da zanen da ya zaɓa ya fi kawo kuɗi, domin rigar da ta zauna daidai ita ce tallarku a wurin ɗaurin aure. Tun ran gini, tun ran zane. Allah ya sa mu dace.